Littafin Aikin Tayoyin Tuƙi na Ƙaramin Jirgin Tururi

4 ga Fabrairu

Ƙwaryar jirgin ta kammalu tun makon jiya, fenti ya bushe, tana nan a kan tebur tana jirana. Tsawonta mita 1.2, faɗinta santimita 15, a ma'aunin ɗaya bisa 48, wato samfuri ne da ya gaza babban jirgi sau 48. Ba kwafin wani jirgi takamaimai nake yi ba, siffar dai na aro daga jiragen fasinja na Kogin Clyde da ke Sikotlan, masu dogon jiki siriri da taya ɗaya a kowane gefe. Yanzu na iso wurin da na daɗe ina kewaye wa, wato tayoyin da za su tuƙa shi.

Iri biyu ne. Akwai mai kafaffun filafilai, inda ake ɗaure kowane filafili a jikin taya yana kallon cibiya, ba ya motsi. Ita jiragen farko suka yi amfani da ita, irin su Comet na Henry Bell a 1812, kuma ita ce a bayan manyan jiragen Kogin Misisifi. Aibinta shi ne filafilin ba ya shiga ruwa da baki, da faɗinsa yake faɗowa kamar mari, in zai fita kuma ya ɗebo ruwa ya yi sama da shi. Ƙarfin da ya kamata ya tura jirgi gaba, wani ya tafi wajen danna ruwa ƙasa, wani wajen cilla shi sama.

Ɗayar ita ce mai filafilai masu karkata. Kowane filafili yana juyawa a kan ƙusa, wasu sanduna kuma suna gyara masa tsayuwa, ya shiga ruwa kusan a tsaye ya fita kusan a tsaye. Elijah Galloway ne ya yi rajistar wannan dabara a 1829, amma sunan William Morgan, wanda ya ɗauke ta ya yaɗa, shi ya bi tayar. Waverley, wanda aka ƙera a Gilasgo ya fara aiki a 1947 kuma har yanzu yake ɗaukar fasinja, irinta gare shi, filafilai takwas a kowace taya.

Zuciyata tana kan ta biyun. Amma na zauna na ƙirga ƙusoshin da za ta ci: biyu a kowane filafili, ɗaya a ɗan hannunsa da sanda ke kamawa, bakwai a zoben tsakiya da ke riƙe sandunan. Talatin da ɗaya a taya guda, sittin da biyu duka, kuma kowace sai ta juya ba tare da ta yi sako-sako ba. Don haka na yanke shawarar fara yin kafaffu na gwaji da filawud, in ga yadda ruwa zai karɓe su, kafin in taɓa tagulla.

9 ga Fabrairu

Na yanka faifai huɗu na filawud, na tsaga musu gurbi takwas-takwas, na liƙa filafilai da gam. Kowane filafili faɗinsa milimita 45, tsayinsa 18. Da'irar da ta ratsa tsakiyarsu milimita 84 ce daga gefe zuwa gefe, tayar gaba ɗaya ta ɗan haura 100. Ba su da kyan gani ko kaɗan. Yamma ɗaya suka ci.

15 ga Fabrairu

Gwajin farko a bahon wanka. Na ɗaure jirgin da zare ta baya don kada ya daki bango, na haɗa moto da batir. Cikin daƙiƙa kaɗan rigata ta jiƙe sharkaf, madubi ma ya samu rabonsa. Ƙarar kuwa kamar yara na tafi, ta-ta-ta-ta, jirgin yana rawar jiki, zaren ko miƙewa sosai bai yi ba.

Ɗana da ke tsugune a gefe ne ya hango abin da ban gani ba. Ya ce, “Baba, ai tayar ta nutse da yawa, rabinta na cikin ruwa.” Na sunkuya na duba. Ba rabi ba ne, amma da gaskiyarsa. Batirin da na sa don gwaji ya fi wanda na tsara nauyi, na kuma bar guntayen dalmar da na jera a ƙasan jirgin tun lokacin gwada ƙwarya. Na cire dalma biyu, jirgin ya taso, ƙarar ta ragu, zaren ya miƙe tsam.

Sai na ɗauko takarda na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Fuskar jirgin a daidai layin ruwa ta kai santimita murabba'i 1,350. Ke nan kowane giram 135 da na ƙara, jirgin zai nutse da milimita ɗaya. Giram 400 kacal, milimita uku sun tafi. A jirgi mai farfela wannan ba komai ba ne, farfelar tana can ƙasa tana aikinta. A nan kuwa milimita uku su ne tsakanin tayar da ke tuƙi da tayar da ke dama ruwa.

Na yi ta gwadawa da ƙari da ragi har na samu inda ya fi: saman filafilin da ke can ƙasa ya ɓoye a ruwa da kamar milimita uku, ba ƙari. Wannan ya sa dole shaf ɗin tayoyin, wato ƙarfen da ya ratsa cibiyarsu yake juya su, ya zauna milimita 30 sama da layin ruwa. Na rubuta lambar da babban baƙi a jikin bango. Da na fara da tagulla, da sai na gama wahalar wata biyu kafin in san wannan.

22 ga Fabrairu

Kwana uku ina zane. Da farko na ɗauka abin da ake so shi ne filafili ya kasance a tsaye cak ko'ina yake a zagayen taya. Ashe an taɓa yin haka: Robertson Buchanan ya yi irin wannan tayar a 1813, ba ta karɓu ba. Dalilin yana da sauƙin ganewa in ka tuna abubuwa biyu ne ke tafiya a lokaci guda. Taya na juyawa, jirgi kuma na gaba. Filafilin da ke saukowa, in ka dube shi daga wajen ruwan, a karkace yake zuwa. Don ya yanki ruwa da baki, sai shi ma ya ɗan karkata.

Tsohuwar hanyar zana shi ta burge ni ƙwarai. Ka zana da'irar da ƙusoshin filafilai ke bi. Ka sa ɗigo a can ƙololuwarta. Filafilai ukun da ke taɓa ruwa, mai shiga da na ƙasa da mai fita, kowanne ka kwantar da shi a kan layin da ya taso daga ƙusarsa zuwa wannan ɗigon na sama, maimakon ya kalli cibiya. Mai shiga ruwa, wanda da kafaffe ne zai karkata digiri 45, yanzu 22.5 kawai ya karkata, rabi daidai. Shi ya sa ake cewa irin wannan tayar tana aiki kamar kafaffiya mai ninkin girmanta. Shi ya sa kuma masu ƙera jirgi suka so ta: ƙaramar taya, inji mai sauri, nauyi kaɗan.

Daga nan sai ka zana ɗan hannu a bayan kowane filafili, wato gefen da ke kallon goshin jirgi, ni na ba shi milimita 12. Ƙarshen hannayen uku sun ba ka ɗigo uku, ka nemo da kamfas tsakiyar da'irar da ta ratsa su. Wannan ce cibiya ta biyu, inda zoben da ke riƙe sanduna zai zauna. Tawa ta faɗi milimita 6.5 gaba da shaf, wajen goshin jirgi, da rabin milimita sama. Tsawon kowace sanda daga wannan cibiya zuwa hannun filafili ya kama 43.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne me zai juya zoben, tunda ba a kan shaf yake ba, a kan wata ƙusa yake da ke kafe a jikin barandar gefen jirgi. Amsar ita ce sanda ɗaya cikin takwas ba ta da gaɓa a wajen zobe, a kafe take da shi. Taya ta ja filafili, filafili ya ja wannan sandar, ita kuma ta ja zoben da sauran bakwai. Na yanka duka da kwali, na huda da allurai a kan allo, na juya da yatsa. Na fi minti goma ina juyawa ina kallo kamar ƙaramin yaro.

2 ga Maris

Tagulla mai kaurin milimita ɗaya don zagayen tayoyi, rabin milimita don filafilai. Na yi tunanin roba, ta fi sauƙin yanka kuma ba ta da nauyi, amma ramin ƙusa a roba yana faɗaɗa da wuri. Tagulla ba ta tsatsa, tana kuma karɓar dalma.

Faranti huɗu na haɗa wuri ɗaya, na ɗiga musu dalma a kusurwoyi, na manna zanen a sama, na huda su gaba ɗaya kafin in yanka komai. In ramin ya goce, to ya goce a duka huɗun daidai wa daida, filafili ba zai zauna a karkace ba. Yankan da ƙaramin zarto ya cinye mini dare biyu, gyaran baki da magagari ya ci na uku. Yatsuna duk sun yi kanta.

5 ga Maris

Bakin diril na milimita ɗaya ya karye a cikin rami na goma sha uku. Laifina ne, na danna. Tagulla tana da halin cafke bakin diril daidai lokacin da zai ɓulla. Na ɗan dakushe kaifin sabon a kan dutsen wasa, bai sake cafkewa ba.

16 ga Maris

Makon dalma, kuma makon ɓacin rai. Ina liƙa hannun filafili, zafi ya bi tagulla ya narkar da ƙusar da na liƙa minti biyar da suka wuce. In gyara wannan, waccan ta faɗi. Garin neman gira na kusa rasa ido, domin filafili biyu sun lanƙwashe saboda yawan gashi, sai da na yanka sababbi.

Abin da ya fisshe ni shi ne raba aikin gida biyu. Cibiyar taya da duk wurin da zai ɗauki ƙarfi na liƙa da dalmar azurfa, wadda ba ta narkewa sai tagulla ta fara ja. Ƙananan abubuwa kuma da dalma ta gama-gari, wadda ke narkewa ƙasa da digiri 200. In ka fara da mai wuyar narkewa, zafin ta biyu ba ya taɓa ta. Na kuma sassaƙa ɗan katako mai gurbi da ke riƙe filafili da hannunsa a mazauninsu, duka goma sha shidan suka fito kamar tagwaye.

Inda ƙusa za ta juya, na saka guntun takarda tsakanin sassan kafin in liƙe kanta, bayan ta huce na zare takardar. Ɗan sararin da ta bari ya isa. Bakin fensir kuma, in ka goga a inda ba ka son dalma ta bi, ba za ta kama ba.

24 ga Maris

Tayar dama ta haɗu, nauyinta giram 120. Na hura mata iska da baki ta juya. Cikin murna na haɗa ta hagu, ina kallon ta dama ina kwaikwayo, ƙusa bayan ƙusa.

Sai da na ɗauke ta zan sa a gefen hagu na ga abin da na aikata. Tayar dama na sake yi. In na juya ta don sandunan su kalli waje, hannayen filafilai sai su koma kallon baya, alhali cibiya ta biyu tana gaba. Ya kamata ta zama kamar hoton 'yar'uwarta a madubi. Na ajiye ta, na kashe fitila, na tafi na kwanta.

Washegari na narkar da kan ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, na birkita filafilan, na mayar. Sa'ar da na ci ita ce ƙusar kowane filafili a tsakiyarsa take, sama da ƙasa ɗaya ne, don haka ban yi asarar ko guda ba. Lokaci kawai.

6 ga Afrilu

Moto ɗaya ko biyu? Da biyu, kowace taya da nata, jirgin zai iya juyawa a inda yake tsaye, ɗaya na gaba ɗaya na baya. Haka jiragen jan kaya na tashar ruwa suke, irin su Eppleton Hall na 1914 da ke ajiye a San Faransisko, kowace taya da injinta. Jiragen fasinja irin wanda nake kwaikwayo kuwa shaf ɗaya ne ya ratsa daga gefe zuwa gefe. Tayoyin Waverley ba sa juyawa daban-daban, shi ya sa yake buƙatar fili mai yawa kafin ya juya.

Na zaɓi ɗaya. Wani ɓangare don gaskiyar abin da nake kwaikwayo, wani kuma don moto na biyu da na'urarsa za su ci mini fiye da milimita ɗaya cikin ukun nan. Moto mai giya ne, mai ƙarfin lantarki volt 12, yana kai juyi 300 a minti. Na zaunar da shi can ƙasan ƙwarya, bel mai haƙora ya hau zuwa shaf, shaf ɗin kuma yana kan boris biyu. Maganar sa injin tururi na gaske na jingine ta. Tukunya da ruwanta suna zama sama, siririn jirgi irin wannan kuma ba ya yafe nauyin sama.

13 ga Afrilu

Tafki, da safe kafin iska ta taso. Na kafa sanda biyu a bakin ruwa, mita goma tsakaninsu, ɗana na riƙe da agogo. Na tafi da tayoyin filawud ma, domin ina so in san ko wahalar ta biya.

A juyi 180 a minti, na filawud sun ci mita goman a daƙiƙa 20. Na tagulla, daƙiƙa 17. Tsakiyar filafili tana tafiyar santimita 79 a daƙiƙa a wannan juyin, jirgin kuma 59, wato kashi ɗaya cikin huɗu yana zamewa a ruwa. Da na filawud abin ya haura kashi ɗaya cikin uku. Daƙiƙa uku ke nan ladan wata biyu. In don gudu ne kawai, ba zan ce wa kowa ya bi hanyata ba, ƙara wa moto wuta ma zai ba ka wannan. Amma kunne ya ji bambanci kafin agogo. Tafin nan ya ɓace, sai wani sauti mai laushi, shaf-shaf-shaf, da farin kumfa layi biyu a baya.

Akwai wani abu game da gudun samfuri da ke rikita mutane. Ba a raba gudun babban jirgi da 48. William Froude, wanda ya yi ta jan samfuran jirage a tankin gwaji a Ingila a shekarun 1870, ya nuna cewa don igiyar ruwa ta yi kama da ta gaske, da tushen murabba'in ma'auni ake rabawa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 48, a nan kusan 7. Jirgin da ke kilomita 22 a awa, samfurinsa na buƙatar santimita 88 a daƙiƙa. Nawa yana 59, daidai da kusan kilomita 15. Don in kai 88 sai tayoyi sun yi juyi 270.

Na gwada. Ruwa ya tashi sama kamar an buɗe famfo, ya jiƙa bene, ya sauka kan moto. Na rage jirgi sau 48, amma ɗigon ruwa yana nan da girmansa, yana manne wa tagulla yana bin ta sama. Sai an rufe tayoyin tukuna.

20 ga Afrilu

Murafun tayoyi sun hau. Na yi su matsattsu don su yi kama da na hoto, milimita uku kawai tsakanin bakin filafili da rufi. Ramukan adon da ke fuskarsu, masu siffar mahuci, na zana su da baƙin fenti maimakon in huda, don ragwanci.

A tafki jirgin ya tashi lafiya, ya yi kamar mita biyar, sai ya kwanta dama ya fara kewaye. Na juya wutsiyar tuƙi hagu iyakarta, bai saurare ni ba. Na tsayar da moto, ruwa ya zubo daga murfin dama, jirgin ya miƙe. Na sake tayarwa, wannan karon hagu ya kwanta.

Taya tana ɗebo ruwa ta cusa a murfi, ruwan ya rasa mafita, gefen ya yi nauyi. Tsakiyar taya tana milimita 100 daga tsakiyar jirgi, don haka karkatar digiri uku kawai tana nutsar da ɗaya milimita biyar ta ɗaga ɗayar biyar. Wadda ta nutse ta ƙara ɗebo ruwa, wadda ta taso tana kaɗa iska. Ina tsaye a bakin tafki na fahimci abin da ya kori taya daga teku fiye da yadda karatu ya fahimtar da ni. An fi ba da labarin 1845, lokacin da aka ɗaure jirage biyu, Rattler mai farfela da Alecto mai taya, baya da baya, Rattler ya ja abokinsa. Amma ko ba wannan gasar, jirgin da igiyar ruwa ke kaɗawa, kuma yake tasowa sama yayin da gawayinsa ke ƙarewa, tayoyinsa ba za su taɓa zama a zurfi ɗaya ba.

Ashe ramukan nan ba ado kaɗai ba ne.

27 ga Afrilu

Na huda ramukan duka, na ɗaga rufin murafun har sarari ya kai milimita takwas. Ba daidai da ma'auni ba ne, amma daga bakin tafki babu mai ganewa. Batirin da ke tsaye na kwantar da shi a ƙasa, na cire benen sama na katako na maye shi da siririyar roba, giram 90 suka sauka daga sama, na mayar da su dalma a can gindi don layin ruwa ya tsaya inda yake.

Yau a juyi 240 ya ci mita goma a daƙiƙa 13, a miƙe, bai kwanta ba ko sau ɗaya. Wannan kusan kilomita 19 ne a awa a babban jirgi, kuma a nan zan bar shi. Juyawa dai sai haƙuri, yana cin kusan tsawonsa shida kafin ya dawo, kuma in na rage gudu wutsiyar ba ta jin magana sam, tunda babu farfelar da ke feso mata ruwa. Zan ƙara mata faɗi da roba mai garai-garai wadda ba a gani a ruwa.

Da muka fito da shi, ɗana ya kara kunne yana juya tayar hagu da yatsa. Ya ce, “Baba, akwai abin da ke ƙas-ƙas.” Na duba, ramin kafaffiyar sandar nan ne ya fara faɗaɗa, ita ce ke jan zoben da 'yan'uwanta bakwai, bayan tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Zan huda shi ya ƙara girma in saka masa guntun bututun tagulla, in yi wa ta dama ma tun kafin ta fara. Bututun da nake da shi ya yi kauri da rabin milimita, sai na goge shi tukuna.